Rigar Tibor Mai Lamba Huɗu

Dolna Ruda, Satumba

Zuwa ga 'yata Darina,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yarku. Mu a nan lafiya muke, in ban da gwiwata ta hagu da ke fara ƙorafi duk lokacin da sanyi ya doso, kuma bana ya doso da wuri.

Ya kamata in fara da gabatar da kaina, domin kina 'yar shekara huɗu mahaifiyarki Olga ta tafi da ke Italiya, ba na tsammanin kin riƙe fuskata. Sunana Vendelin Kolesar. Kakana da kakan mahaifinki Tibor uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma a yau ni ne mafi tsufa cikin masu wannan suna, shi ya sa 'yan uwa suka ɗora mini rubuta miki. 'Yata Jolana ce ta sanar da ke rasuwarsa a watan Afrilu. Furannin da kika aiko sun iso a kan lokaci, mun gode.

Ga abin da ake ciki. Mahaifinki ya yi wa ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garinmu, wato wasan zamiya a kan ƙanƙara da sanda, wasa tun yana saurayi har ƙafafunsa suka gaza. Mai tsaron baya ne, rigarsa lamba huɗu. Ni kuwa a duk waɗannan shekaru ni ne mai kula da agogon wasa, wurin zamana a bakin ƙanƙara, tsakanin bencinan horo biyu inda ake zaunar da ɗan wasan da ya yi laifi. Yanzu hukumar ƙungiya ta yanke shawarar ɗaga rigarsa zuwa rufin filin wasa a watan Fabrairu, ta zauna a rataye a can, kuma daga ranar babu wanda zai sake saka lamba huɗu. Mutum uku kaɗai aka taɓa yi wa wannan girma a garin nan.

Al'adarmu ita ce ɗan mamaci na cikinsa shi ke jan igiyar da ke ɗaga rigar. Tibor bai sake aure ba, ke kaɗai ya bari. Rigar tana hannuna a ninke, amma taki ce, kuma ba za ta bar gidana ba sai da yardarki.

Na san nisa da shekaru sun shiga tsakaninku, ba kuma na neman tono abin da ya wuce tsakanin iyayenki. Roƙona kawai ki duba ko aikinki zai bar ki ki zo. Masauki yana nan, da riguna masu kauri, domin na ji an ce a garinku Bari ba ku san abin da ake kira hunturu ba.

Baffanki,
Vendelin Kolesar

Bari, Oktoba

Baffa Vendelin,

Na sami takardarku, na karanta ta a tsaye a bayan kanta a kantin maganin da nake aiki. Ina gaishe ku da gwiwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ni da maigidana Saverio da 'yarmu Noemi duk lafiya.

Gaskiya ban tuna fuskarku ba, ku yi haƙuri. Shi kansa Baba hoto ɗaya gare ni, yana tsaye a bakin wata mota yana kare rana da hannu. Mama, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa zaginsa a gabana ba. Takan ce mutum ne mai shiru, wanda ya fi son garinsa da ƙanƙararsa a kan ya biyo ta, ita kuma ta gaji da jira. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma da shi na girma.

Ina so in zo. Na riga na nemi hutu a Fabrairu. Sai dai ina jin nauyin in ja igiyar mutumin da ban taɓa ganin yana abin da ake girmama shi dominsa ba. A nan ba wanda ya san hoki. Ba a nuna shi sai a wutsiyar labarai, idan an yi dambe a wata ƙasa, mai karanta labarai ya yi murmushi a wuce. In akwai wani abu da zan gan shi a ciki yana wasa, ko gajere ne, don Allah ku aiko mini. Noemi ma tana son ganin kakanta.

'Yarku,
Darina

Dolna Ruda, ƙarshen Oktoba

'Yata Darina,

Amsarki ta faranta wa kowa rai. Na karanta ta ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a gidan Jolana, 'yan uwa na kewaye da tebur. Da na kai inda kika nemi abin da za ki gan shi a ciki, ba a yi gardama ba, kowa abu ɗaya ya ambata.

Akwai faifan wasan da muka yi da mutanen Kremna a hunturun da aka haife ki. Gidan talabijin na yankinmu yana nuna shi duk shekara idan za a buɗe kakar wasa, har yaran da ba a haifa ba a lokacin sun haddace shi. Daga ranar nan ne aka sa wa mahaifinki suna Guduma. Mun kalle shi a walimar bayan jana'izarsa, limamin coci da kansa ya tafa. Jolana ta tura miki shi ta waya, tun da ni ban iya waɗannan abubuwa ba. Ki tara iyalinki ku kalla tare, za ki ga irin mutumin da ya haife ki.

Baffanki,
Vendelin

Dolna Ruda, ƙarshen Nuwamba

'Yata Darina,

Da fatan kuna lafiya. Dusar ƙanƙara ta sauka, gwiwa tana nan yadda take.

Jolana ta ce waya ta nuna kin buɗe saƙon tun ranar da aka tura, amma ba mu ji daga gare ki ba. Ta fara damuwa, na ce mata ta kwantar da hankalinta: wanda ya ga mahaifinsa a karon farko cikin ƙarfinsa da ƙuruciyarsa yana bukatar lokaci kafin ya sami kalmomi. Ki ɗauki lokacinki. Abu ɗaya ne na gaggawa, shugaban ƙungiya, Pan (wato Malam) Hudak, yana so ya san ko da sunan gidanmu za a buga ki a takardar biki ko da na aure.

Baffanki,
Vendelin

Bari, Disamba

Baffa,

Muna lafiya. Ku gafarce ni da jinkiri, na rubuta na yaga ya fi sau a ƙirga.

Na yi yadda kuka ce. Ranar Lahadi muna cin abincin rana a gidan surukata, kowa na nan, na miƙe na ce su zo su ga mahaifina, wanda garinsu zai girmama. Ƙanin Saverio ya haɗa wayata da talabijin. Ban kalla ni kaɗai tukuna ba, na so mu gani tare.

Kun san abin da ke ciki, amma bari in faɗa muku yadda muka gan shi. Wani mutum ya jefar da sandarsa da safar hannunsa, ya janyo rigar wani ya rufe masa kai da ita don kada ya ga gabansa, ya yi ta naushinsa. Mutumin ya durƙusa, ya ƙara masa. Jini a kan farar ƙanƙara. Sai aka maimaita a hankali, da kiɗa, aka sake maimaitawa. Mai sharhi yana dariya, jama'a duk sun miƙe suna ihu kamar an yi musu albishir. Na yi ta jiran inda za a fara wasan, sai faifan ya ƙare.

Ƙanin Saverio ya so ya sassauta abin, ya ce, "Saverio, daga yau ka riƙa wanke kwanuka ba musu, ka ga jinin da ka aura." Ba wanda ya yi dariya. Noemi ta tashi ta bar abincinta. Surukata ta tattara faranti, da ta zo daidai kafaɗata ta ce a hankali, ba da mugunta ba, "'Yata, yanzu na gane abin da ya koro mahaifiyarki."

Baffa, wannan maganar ce ta hana ni rubutu. Duk rayuwata na ɗauka Mama ta tafi ne don ta gaji da jira. Yanzu ina tuna abubuwa ina juya su. Ba ta son a rufe ƙofa da ƙarfi. Ba ta taɓa mayar da ni garinku ko hutu ba. Ko ƙarya ta yi mini don ta rufa masa asiri? Ba ta nan balle in tambaye ta, shi ma ba ya nan. Ku kaɗai kuka rage.

Don haka ina tambayarku kai tsaye, kuma kada ku lallashe ni: mahaifina ya taɓa dukan mahaifiyata? Kada a buga sunana a kowace takarda. Ba zan taɓa igiyar nan ba sai na sani.

Darina

Dolna Ruda, bayan Kirsimeti

'Yata Darina,

Ina fatan kun yi biki lafiya. Ni jikina lafiya, amma ban ji daɗin cin komai ba a wannan Kirsimeti.

Ban san yadda zan kwatanta miki kunyar da ta rufe ni ba. Kin nemi ki ga mahaifinki yana wasa, mu kuma, manya da furfura, muka zauna muka zaɓo miki wannan, na kuma ce ki tara surukanki. Sannan da kika yi shiru na fassara shirunki da abin da ya yi mini daɗi. Babu ɗaya daga cikinmu a teburin nan da ya lura cewa a faifan ba a buga wasa ko kaɗan. Ina neman gafararki, da ta maigidanki, da ta mahaifiyarsa.

Na yi niyyar in gyara, na je gidan talabijin in nemo miki wasansa na ainihi. Matar da ke kula da ajiyarsu ta ce a wancan zamani kaset na da tsada, ana goge shi a sake ɗauka a kai, sai abin da aka ga zai ja masu kallo ake yankewa a ajiye. Daga duk shekarun da Tibor ya yi a kan ƙanƙara, faɗan nan kaɗai aka ajiye.

Na ce to, tun da babu hoto, akwai mutane. Na tafi mashayar da tsofaffin magoya baya ke zama, na ce kowa ya ba ni labari ɗaya na wasan Tibor in rubuta miki. Duk wanda ya buɗe baki, faɗan ya kawo, kuma da kalmomin mai sharhin nan, har da inda yake dariya. Wani Gejza ya miƙe yana nuna yadda ya yi tsalle a ranar, sai na kusa da shi ya ce, "Zauna, maƙaryaci, a hunturun nan kana kwance a asibiti da ƙafa a filasta, ni na kai maka lemu." Gejza ya rantse yana wurin, kuma na ga a idonsa ya gaskata kansa.

Ban yi masa dariya ba, domin a hanyar gida na gwada kaina. Idan na rufe ido, daga sama nake ganin faɗan, daga gefen da kyamara take, yana tafiya a hankali. Alhali ni a ƙasa nake zaune, a ɗaya gefen, kuma alƙalin wasa ya tare mini gaba. Abin da nake kira tunanina, na talabijin ne. Nawa na kaina kaɗan ne ya rage, shi ne abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Da aka kawo Tibor bencin horo kusa da ni, bai ɗaga kai ba, ya ce, "Vendo, duba mini, ya tashi?" Na ce sun ɗauke shi. Jama'a suna ta kiran sunan Tibor, can sai ya ɗaga musu hannu. Duka biyun na gani, ba zan ba ki ɗaya in ɓoye ɗaya ba. Mutumin da ya nausa kuma, Imrich, muƙamuƙinsa ya karye da gaske, ya ƙare hunturun nan da shan romo.

Yanzu ga tambayarki. Ban taɓa gani ba, ban taɓa ji ba, ban taɓa ganin alama a jikin Olga ba. Amma ni ɗan uwansa ne, shaidata tana da rauni. Saboda haka na je wurin Pani (wato Malama) Etela, wadda ta zauna a ƙarƙashin ɗakinsu a benen ma'aikata duk zaman aurensu. Ta haura tamanin, bakinta bai tsufa ba, kuma ba ta taɓa son gidanmu ba. Ta ce a benen nan in maƙwabci ya yi atishawa kai ke cewa lafiya, kuma na sama da su yana dukan matarsa, kowa ya sani, don haka ta san yadda ƙarar abin take. Daga ɗakin iyayenki faɗa take ji, muryar Olga, sai ƙarar takalminsa yana sauka. Yakan tafi fili ya zauna har sai ta huce, wani lokaci ba ya dawowa sai washegari. Ta ce wannan ma zalunci ne irin nasa, mace na magana namiji ya ɗauki hula ya fice.

Da na ambaci sunan da ake kiransa, sai ta ce, "Guduma? A fili ke nan. Duk Kirsimeti in sun sayo kifi mai rai sun sa a bahon wanka, ranar yanka sai ya sauko yana murza hula, wai Pani Etela a taimaka. Ni nake hawa da tawa gudumar in kashe kifin, shi kuma ya ɗauki yarinya su fita baranda kada su ji."

Ban kawo miki wannan a matsayin hujja ba. Etela da kanta ta ce abin da ke bayan ƙofa ba mai rantsewa a kansa. Iyakar abin da na samu ke nan, ban ƙara ba ban rage ba.

Baffanki mai jin kunya,
Vendelin

Bari, Janairu

Baffa Vendelin,

Barka da sabuwar shekara. Noemi ta yi mura ta warke, saura lafiya.

Na tuna kifin. Babba ne, baƙi-baƙi, yana juyawa a baho, kuma an hana ni wanka saboda shi. Na daɗe ina ɗauka mafarki ne. Na yi ƙoƙari in tuna wanda ya ɗauke ni zuwa baranda, ban iya ba. Kifin kawai.

Na karanta wa Saverio takardarku. Ya ce tsohon nan bai yi ƙoƙarin sayar miki da komai ba. Abin da ya fi shiga raina ba kifin ba ne, maganar ɗaukar hula ce, domin ita ce ta yi daidai da abin da Mama ke faɗa. Ku gaishe mini da Pani Etela.

Zan ja igiyar, amma da sharaɗi. Kada a nuna faifan nan a ranar, ko a babban allon fili ko a talabijin, kuma a kira shi da sunansa na yanka. Ba zan tsaya a tsakiyar ƙanƙara da 'yata ana maimaita wannan a saman kanmu jama'a na tafi ba. In an yarda, a buga ni da sunan Kolesar.

'Yarku,
Darina

Dolna Ruda, ƙarshen Janairu

'Yata Darina,

Na yi murna da Noemi ta sami sauƙi. Etela tana amsawa, ta ce in gaya miki kina cizo da kina ƙarama.

Na kai sharaɗinki wurin Pan Hudak, ina ganin magana ce ta minti kaɗan. Ya saurare ni da ladabi, ya ba ni kujera da shayi, sannan ya nuna mini tsarin bikin. Da faifan za a buɗe, a kashe fitilu. Gidan talabijin zai zo ne saboda shi. An gayyaci Imrich, ya kuma amsa da murna, zai fito tsakiyar ƙanƙara ya riƙe muƙamuƙinsa jama'a su yi dariya, sannan ya miƙa miki igiya. An riga an buga riguna masu hoton guduma.

Na ce masa ai wasan mutum ake girmamawa, ba faɗansa ba. Ya dube ni ya ce, "Pan Kolesar, ku ne kuka riƙe agogo, kun fi ni sani. Sau nawa Tibor ya zura a raga? Ga Palo Benko can yana kiwon zuma, ya fi shi komai a kan ƙanƙara, wa ya san sunansa? In aka cire faifan, me zan ce wa mutane muna ɗagawa?"

Gaskiya ya faɗa. Mahaifinki ɗan wasa ne mai riƙon amana, ba ya gajiya, ba ya barin mai tsaron raga shi kaɗai, amma irinsa ƙungiyar nan ta yi da yawa, ba a ɗaga rigar ko ɗaya ba. Ina cikin hukumar da ta ɗaga hannu a kan wannan shawara, ban tambayi kaina dalili ba, na yi ta alfahari kawai. A takardata ta farko na ce miki girma za a yi wa mahaifinki. Yanzu dole in gyara maganata: faifan za a yi wa girma, rigarsa kuma ita ce abin ratayewa.

Hudak ya ce iyakar abin da zai iya shi ne a cire maimaicin nan na a hankali. Ban amsa masa ba, domin ba ni da ikon amsawa. 'Yan uwa suna so a yi bikin ko ta yaya, Jolana ta ce kada in rubuta miki wannan, in bari ki zo tukuna. Na riga na sa ki kunya sau ɗaya a gaban mutane cikin rashin sani, ba zan sake da sanina ba. Rigar taki ce. Abin da kika ce shi za a yi.

Baffanki,
Vendelin

Bari, farkon Fabrairu

Baffa,

Muna lafiya, ina fatan gwiwa ta bar ku kuna barci.

Kada ku ba su rigar. Ku bar ta a ninke inda take, in na zo zan buɗe ta da hannuna, a ɗakinku, ba fitila ba kiɗa.

Domin zuwa zan zo, ni da Noemi. Hutun yana nan, kuma ban ce na sami amsar tambayata duka ba, amma na daina neman ta a faifan. Ina so in ga Pani Etela da benen. Ina kuma so ku kai ni wasa, wanda ba na biki ba, na ranar Lahadi kawai, in kalla daga farko har ƙarshe, tun da ban taɓa gani ba. In zai yiwu ku samo mana wuri a ƙasa, kusa da inda kuka zauna, ku nuna mini wanda ke yin aikin da Baba ya yi, in bi shi da ido.

Na san 'yan uwa za su ji haushina. Ku gaya musu ba ƙin su nake yi ba.

'Yarku,
Darina

Dolna Ruda, Fabrairu

Zuwa ga 'yan uwa duka masu sunan Kolesar da waɗanda aure ya haɗa mu, kwafi ga 'yata Darina,

Ina gaishe ku baki ɗaya, da fatan kowane gida yana lafiya.

Ina sanar da ku cewa na rubuta wa hukumar ƙungiya cewa ba za a ba da rigar Tibor ba, na kuma sauka daga kujerata a hukumar. Bikin ɗaga riga ba zai yiwu ba. Na ji abin da ake faɗa a gari, na ji na cikin gida ma. Wanda ke da fushi ya kawo mini, ni na kai sharaɗin, ni na kawo amsar. Darina ba ta hana mu komai ba sai abin da bai kamata mu nema ba tun farko.

Za ta iso da 'yarta ranar Juma'a ta uku a wannan wata, su sauka a gidana. Ranar Lahadi za mu je wasa, na samo wurare a layin ƙasa. Duk mai zuwa ina maraba da shi, amma ina da roƙo. Kada kowa ya ciro waya ya nuna musu abin da kuka sani, ko da wasa. A kira mamacin Tibor. Wanda ya tuna wani abu nasa da idonsa ya gani, ko ƙarami ne, ko ba na yabo ba ne, ya ba ta. Wanda ya bincika bai sami komai ba sai abin da talabijin ta ba shi, ya gaishe ta ya yi shiru, ba abin kunya ba ne fiye da wanda muke ciki.

Saura abu mafi wuya. Da mutanen Kremna za a buga, kuma kun san yadda wasanmu da su yake ƙarewa. Idan safar hannu ta faɗi a kan ƙanƙara, fili duka zai miƙe, ba mu da iko da wannan. Ina roƙon layinmu ya zauna. Ba don mu yaudare ta ba, ga shi tana karanta wannan takarda tare da ku. Don dai ta waiwaya ta ga akwai mutanen gidan mahaifinta da suka zo kallon wasa. Ban ɗauke kaina daga cikin masu bukatar wannan gargaɗi ba. Gwiwar nan da ke hana ni miƙewa a coci ba ta taɓa hana ni miƙewa don faɗa ba, saboda haka duk wanda ya zauna kusa da ni, na ba shi izini ya riƙe mini kwat.

Ina neman haɗin kanku duka, babba da ƙarami, mai fushi da marar fushi, na tsawon wasa ɗaya tak, domin 'yar Tibor ta koma Bari tana iya ambaton mahaifinta a teburin surukanta.

Naku cikin girmamawa,
Vendelin Kolesar